Na Daina Cin Kitse, To Daga Ina Ƙibar Nan Take Fitowa?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 36, tsayina mita 1.62, 'ya'yana uku, autan ya kai shekara biyar, don haka ba zancen ƙibar haihuwa ba ne. Shekara biyu ke nan da aka mayar da ni aikin tebur, tun safe ina kan kujera har lokacin tashi, kuma a tsakanin nan na tashi daga kilo 68 zuwa 78. Kayana duk sun matse ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ni ba mai ci ba ce. Ba na karyawa, na daina cin nama mai kitse, a ofis daga lemon kwalba ɗaya sai ɗan biskit, sai da daddare nake cin abinci sosai. Ƙanwata ta ninka ni ci amma tana nan siririyarta. Wata ƙawata ta ce irin jikina ko ruwa na sha ƙiba zai zama, in nemi shayin rage ƙiba. Ni kuma na fara tunanin yanke abincin dare gaba ɗaya. Don Allah daga ina kitsen nan yake zuwa, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun kafin mu yi nisa, abubuwa biyun da kike shirin yi ki dakatar da su: kada ki sayi shayin, kada kuma ki yanke abincin dare. Dalilin zai fito a gaba. Na yarda da ke cewa ba ki cika ciki yadda masu ci suke yi, amma duk da haka kitsen nan daga abin da ke shiga bakinki ya fito, don jiki ba shi da wata hanyar samunsa. Abin da ya sa ba ki gan shi yana shigowa ba shi ne rarar da ta tara miki kilo 10 ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai a lura da ita a faranti ba.

Ƙarfin da ke cikin abinci da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin shi ma 4, na mai ko kitse kuwa 9. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, shi ya daidaita waɗannan alƙaluma tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma da su ake lissafin da kike gani a bayan kwalin biskit har gobe. Jiki kuma yana kashe wannan ƙarfi dare da rana. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 yana tafiya ne ko da kin wuni a kwance: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda, ɗumin jiki, da ƙwaƙwalwa wadda ita kaɗai take cinye kusan kashi ɗaya bisa biyar na abin da ake kashewa a hutu. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Ragowar na motsi ne, kuma ba motsa jiki na filin wasa kawai ba, har da tashi, zama, hawa bene, shara, zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. Wannan kason na ƙarshe shi kujerarki ta yanke, ba tare da wani ya sanar da cikinki cewa a rage masa ba.

Yanzu bari mu bi lomar abincin darenki mu ga inda take sauka, don a nan amsarki take.

Sitacin da ke cikin shinkafa ko burodi ko taliya, hanji yana farfasa shi ya koma gulukos, ya shiga jini. Da sukarin jini ya hau, wata gaɓa da ke kwance a bayan ciki, fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi kuma ya ba tsoka da sauran sassan jiki umarnin su kwashe gulukos ɗin. Wani a ƙone shi nan take, wani a ɗaure shi a ajiye a matsayin gilaikojin. Sai dai wannan ma'ajiya ba ta da girma: hanta tana riƙe kimanin giram 100, tsokoki kimanin 400, duka-duka abin da bai wuce rabin kilo ba, ƙarfin kwana ɗaya ke nan ko makamancin haka. Kuma tsokar da ta wuni ba ta yi aiki ba ma'ajiyarta a cike take tun jiya, ba ta da wurin karɓar sabo da yawa.

Man da aka yi girki da shi kuwa hanyarsa daban. Hanji yana ƙunshe shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi, su bi ta wasu siraran magudanai su faɗa jini, su kai shi har ƙofar ƙwayoyin kitse da ke ƙarƙashin fata da kewayen hanji. Insulin ɗin nan da shinkafa ta tayar, shi ne kuma yake buɗe wa man ƙofa, sannan ya hana kitsen da ke ciki fita. Ajiyar mai ba ta ba jiki wahala ko kaɗan, don kusan a siffar da ya shigo ake adana shi, abin da ake kashewa a aikin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mayar da sitaci ya zama kitse kuwa aiki ne mai tsada, yana cinye kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinsa, shi ya sa jikin ɗan'adam bai cika yin sa da yawa ba sai idan sitaci da sukari sun yi ambaliya kwana da kwanaki. Abin da ya fi yi shi ne wayo: muddin akwai gulukos a jini, shi zai ƙona, ya bar man a ajiye bai taɓa ba. Wato shinkafar ba lallai ita ce take rikiɗa ta zama teɓa ba, amma ita ce ta tare wa man faɗa, ta sa ba a bukace shi ba.

Kin ga ke nan inda dabarar daina cin nama mai kitse ta gaza. Kin cire ɗan kitsen da idonki yake gani, kin bar wanda ba ya gani. Babban cokali ɗaya na man girki, kowane iri ne, yana da kalori kusan 120, kuma mai girki da yawa ba ta aunawa, karkata galan take yi har sai ido ya gamsu. Biskit ma da kike kira ɗan biskit, gari ne da sukari da mai aka haɗa, a giram 100 nasa akan sami kalori 450 zuwa 500. Lemon gwangwani mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140, kwalbar da ta fi shi girma kuma ta fi haka. Rabin sukarin nan furuktos ne, wanda hanta ce take sarrafa yawancinsa, kuma idan ya yi mata yawa tana iya mayar da wani kaso kitse ta tara a jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, in ya yiwu ma a tsaya a rabin haka. Lemonki ɗaya ya cinye kashi biyu bisa uku na wannan kafin a zo kan shayi.

Kada ki ɗauka ajiyar nan cuta ce a karan kanta. Kowa yana yin ta bayan kowane cin abinci, har ƙanwarki. Da an jima insulin ya sauka, musamman cikin dare ana barci, sai ƙwayoyin kitse su buɗe su saki abin da suka karɓa a ƙone. Kullum ana sakawa, kullum ana cirewa. Ƙiba ita ce ɗan abin da ya rage a ƙarshen mako da ƙarshen wata idan sakawa ta fi cirewa. Ƙwayoyin kuma suna kumbura su karɓa, kuma idan sun cika maƙil jiki yana iya ƙera sababbi. Sai dai wani bincike da aka yi a cibiyar Karolinska ta ƙasar Siwidin aka wallafa a 2008 ya nuna cewa galibi yawan ƙwayoyin kitsen mutum yana tsayawa ne tun yarinta da tashen balaga, bayan nan kusan kashi 10 cikin 100 ake sabuntawa duk shekara, kuma ko mutum ya rame yawansu ba ya raguwa, motsewa kawai suke yi. Suna nan suna jira.

Ga lissafinki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori kimanin 7,700. Kilo 10 ke nan 77,000. Ki raba wa kwana 730 na shekara biyu, za ki sami 105 a rana. Bai kai cokalin mai ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan shi ne abin da ya riƙa kwana a ajiye. Ainihin canjin da ya faru a rayuwarki ya ɗan fi haka, don jiki yana ƙara nauyi yana ƙara kashe ƙarfi wajen ɗaukar kansa, sai rarar ta riƙa tsukewa. Kevin Hall da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun fitar da ƙiyasi a 2011: duk ƙarin kalori 24 a rana da mutum ya ɗore a kai, ƙarshenta kilo ɗaya zai zama, rabinsa cikin shekarar farko, kusan dukansa cikin shekara uku. A bisa wannan, kilo 10 cikin shekara biyu yana nuna bambancin kalori 250 zuwa 300 ne a rana tsakanin rayuwarki ta da da ta yanzu. Lemo da biskit kaɗai sun biya wannan kuɗin, balle a haɗa da zirga-zirgar da kika daina. Akwai abin daɗi a ciki: idan ba ki ƙara komai ba, hawan ya kusa tsayawa da kansa. Saukowar ce ba za ta zo da kanta ba.

Sai maganar "ni ba mai ci ba ce". Kada ki ji haushina. A 1992 wasu likitoci a birnin New York sun tattara mutanen da suka ce ba sa cin abin da ya kai kalori 1,200 a rana amma sun kasa ramewa, aka bi su da awo na tsanaki. Jikinsu lafiya lau yake ƙona abinci kamar na kowa. Abin da aka gano shi ne suna cin kusan ninki biyu na abin da suke faɗa, domin sun rage lissafin cinsu da kashi 47 cikin 100, sun kuma ƙara wa lissafin motsinsu kashi 51. Ba ƙarya suke yi ba, haka ƙwaƙwalwar ɗan'adam take: abin da aka zauna aka ci a faranti shi take riƙewa. Ɗanɗanon miya sau uku a tsaye, ragowar abincin auta da kika ce kada a zubar, alewar da abokiyar aiki ta miƙo, sukarin shayi, duk waɗannan ba ta rubuta su. Abin sha ya fi kowa iya sulalewa, domin kalorin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, mutum ya sha lemo ya kuma ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba.

Tsarin yininki kuma yana taimaka wa abin. Kin wuni a kan sukari da gari, ba furotin, ba ganye, ba abin da zai zauna a ciki. Ki dawo gida a galabaice, ga girki, ga yara, yunwa ta kai intaha. Wanda ya zauna gaban tukunya a wannan hali ba ya aunawa, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Ba wai abincin dare yana da wani sihiri da yake mayar da shi kitse ba, yawansa ne, kuma yunwar rana ce ta yanke masa yawan. Irin abincin ma yana da hannu. A 2019 Hall ɗin nan ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike, mako biyu ana ba su kayan masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa shi sosai ba, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A kan kayan masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a kan ɗayan kuma suka sauke kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce musu su rage.

Ƙanwarki fa? A nan kina da gaskiya, ba a yi wa mutane rabo daidai ba. A 1990 Claude Bouchard na jami'ar Laval a Kanada ya wallafa gwajin da ya yi da tagwaye maza masu kama ɗaya, haihuwa 12. An riƙa ɗura musu ƙarin kalori 1,000 a rana, kwana shida a mako, tsawon kwana 100. Kowa ya yi ƙiba, ba wanda ya tsira, amma wani kilo 4.3 ya ƙara, wani 13.3, kuma kowane ɗan tagwai ya fi kusa da ɗan'uwansa a yawan ƙarin da inda kitsen ya taru. Gado ke nan. A 1999 kuma James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya yi irin wannan da mutum 16 na mako takwas, ya gano inda wani ɓangare na bambancin yake ɓuya: waɗanda ba su tara kitse sosai ba, jikinsu ne ya ƙara musu ƙananan motsi ba da saninsu ba, tashi-zauna, kaɗa ƙafa, kai-kawo, har wani ya ƙone kusan 700 daga cikin 1,000 ɗin ta haka. Ki lura da ƙanwar taki, ina kyautata zaton ba ta iya zama wuri ɗaya. Kuma cin da kike gani tana yi na gabanki ne, ba ki san yadda sauran yininta yake ba. Ko ma dai mene ne, jikinta nata ne, lissafinki da naki za ki yi.

Shekaru kuwa kada ki ɗora musu laifi tukuna. Wani babban bincike na 2021 da ya auna mutum fiye da 6,000 a ƙasashe 29 ya nuna cewa, in aka yi la'akari da girman jiki, saurin ƙona abinci kusan a tsaye yake daga shekara 20 har zuwa 60.

Ruwa ba shi da kalori ko ɗaya, ba ya zama kitse a jikin kowa, ki gaya wa ƙawarki. Shayin nata kuma yawancin irinsa ganyen sa gudawa ne ko na sa fitsari. Gudawar tana aiki ne a babban hanji, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kalorin, don haka abin da yake fita ruwa ne da gishirin jiki, sikeli ya sauka yau ya koma jibi, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Kitse ba ta bayan gida yake fita ba, ba kuma ta gumi ba. Masu bincike biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin a 2014: idan aka ƙone kilo 10 na kitse, kilo 8.4 yana fita ne ta numfashi a matsayin iskar kabon dayoksaid, sauran 1.6 ya zama ruwa. Huhu ne ƙofar, kuma ba abin da yake buɗe ta sai jiki ya bukaci ƙarfin da bai samu a abinci ba. Ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki don a yi gumi, ita ma ki bar wa masu ita.

To me zai hana a yanke abincin dare a huta? A makon farko za ki ga kilo biyu sun tafi, ki yi murna. Mafi yawansu gilaikojin ne da ruwansa, domin kowane giram nasa yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Bayan nan jiki zai farga. Ƙwayoyin kitse suna fitar da wani sinadari, leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a 1994, aikinsa shi ne gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Da ajiya ta fara sauka da sauri, sai leftin ya faɗi, sinadarin yunwa da ciki yake fitarwa, girelin, ya tashi, jiki ya rage kashe ƙarfi, kasala ta sauko, tunanin abinci ya hana ki sakat. Mace mai aiki da 'ya'ya uku da take wuni a kan lemo da biskit, in ta cire abincin kirki ɗaya tilo da take ci, tsokarta za ta fara zubewa tare da kitsen, tsoka kuwa ita ce babbar mai kwashe gulukos. Ranar da haƙuri ya ƙare, kuma zai ƙare, nauyin zai dawo, galibi kitse ya fi yawa a cikinsa.

Abin da nake so ki yi bai kai wannan wahala ba. Ki fara da mako guda ba ki canza komai ba, rubutu kawai. Duk abin da ya wuce maƙogwaronki ban da ruwa, ki rubuta a waya a lokacin, kada ki bari sai dare. Ba don ki ƙirga kalori ba, don ki ga abin da ido. Yawancin mutane a kwana na uku suke gano ɓarawonsu.

Daga nan lemon ya koma na jefi-jefi, ruwa ya maye gurbinsa. Kuɗin lemo da biskit ki mayar da shi abincin rana na gaske: ƙwai, ko wake, ko kifi, ko nama, da ganye, da ɗan sitaci. Naman da kika gudu ki dawo da shi, ki yanke kitsen da ke jikinsa kawai. Furotin ya fi komai riƙe ciki, kuma jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kalorinsa wajen narkar da shi, alhali na sitaci kashi 5 zuwa 10 ne. Karin kumallo ba dole ba ne idan ba kya jin yunwa da safe, amma shiga magariba da ciki wayam shi ne nake so ki daina. Idan kin ci da rana, abincin dare zai ragu da kansa. Ki zuba sau ɗaya, ganye ya ci rabin farantin, ki tashi daga kusa da tukunya kafin ki fara ci, ki ci a hankali don ƙoshi yana ɗaukar mintuna kafin labarinsa ya isa ƙwaƙwalwa. Man girki kuma ki riƙa auna shi da cokali. Ki fara da auna wanda kika saba zubawa, sau ɗaya kawai, ki ƙirga cokulan ki raba wa mutanen gida, za ki sha mamaki. Rage shi ba zai cutar da kowa a gidan ba.

Kujerar kuma a rage mata iko. Ki tashi duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ki amsa waya a tsaye, saƙon da za ki tura wa ofishin kusa ki kai da ƙafa. Ki samu tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako, wadda ta yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci, ko da za ki rarraba ta goma-goma, bayan cin abinci ya fi. Sai dai ki san girmanta: a nauyinki, tafiyar rabin awa ba ta wuce kalorin lemo ɗaya ba. Amfaninta babba ne ga sukarin jini da zuciya da riƙe tsoka, amma ba ta zama lasisin ƙarin faranti ba. Barci ma ki nema masa awa bakwai, don ƙarancinsa yana tayar da yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari.

Da waɗannan za ki iya cire kalori 300 zuwa 500 a rana ba tare da kin kwana da yunwa ba. Ki sa ran kilo ɗaya zuwa biyu a wata, da saurin farko sannan ya lafa. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya, kuma kada ki damu da hawa da saukar kilo ɗaya, musamman gab da al'ada ko bayan abinci mai gishiri, ruwa ne. Burin farko kada ya zama 68. Ki nufi 73. Saukar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyi ba ƙaramin abu ba ne: a wani gwaji na mutum fiye da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa, wanda aka wallafa a Amurka a 2002, waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ki kuma samu tef ɗin awo ki zagaya cikinki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ana son awon ya gaza rabin tsayin mutum, ke naki ke nan ƙasa da santimita 81. Wannan ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin kitsen da ke kewaye da hanji da hanta shi ne mai jawo ciwon suga da hawan jini, na cinya da ɗuwawu bai kai shi ɓarna ba.

Abu ɗaya da ba ki ambata ba, ina so ki duba: shin kin fara wani magani a cikin shekara biyun nan? Magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da dezametason, wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata, duk suna iya buɗe ciki ko ƙara nauyi. Kada ki daina da kanki, ki kai wa wanda ya rubuta miki ya duba ko akwai madadi. Ki je asibiti a auna miki hawan jini da sukari ko da kina jin garau, tun da nauyinki a kan tsayinki ya ba da 29.7, ana kuma fara kiran ƙiba mai haɗari daga 30. Idan kina fama da yawan jin sanyi, kasala, bushewar fata da taurin bayan gida, ki gaya wa likita ya duba tayirod, wata 'yar gaɓa a wuya da ke daidaita saurin ƙona abinci. Idan al'ada ta rikice, ko gashi ya fara fito miki a haɓa, shi ma ki faɗa. Idan kuwa wata rana kika ga kilo biyu ko uku sun ƙaru cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko ɗaukewar numfashi, wannan ruwa ne yake taruwa, ba kitse ba, kada ki jira, a ranar za ki je a duba zuciya da ƙoda. Allah Ya ƙara lafiya.